Kyamara na nuna batir ya kare alhali yanzu na cire shi a caji, don Allah a taimaka

Dan_Nima_Hoto

Salamu alaikum yan uwa masu daukan hoto da iyayenmu masu gyara. Don Allah ina neman taimako da gaggawa, abin da ya same ni ranar Lahadi a Maamobi har yanzu in na tuna sai gabana ya fadi.

An dauke ni aikin awure, tun daren Asabar na sa batirana biyu a caji daya bayan daya har wutan caja ya koma kore, da safe na zuba su a girif, wato marikin nan da ake daurawa a kasan kyamara mai daukan batir biyu, na tafi. Wajen daurin aure a masallaci lafiya lau na dauki wajen hoto dari biyu ba wata matsala. Da yamma da aka fito da amarya, kawaye sun jeru ana liki, uwar amarya na ta kirana mai hoto zo nan mai hoto zo nan, ina daga kyamara na bude filasha sai alamar batir ta fara kiftawa a karamin sikirin na sama, kafin in ankara kyamara ta mutu. Na kashe na kunna, shiru. Na bude girif na zaro batiran na maida su sai ga ta ta tashi tana nuna kusan cike. Na dauki kamar hoto goma sha biyu ta sake mutuwa. Haka na yi ta zarowa ina maidawa gumi na zuba har aka tafi da amarya, kuma wallahi lokacin da kakarta ta rike hannunta tana mata addu'a suna kuka ban samu ba. Wannan shi ya fi min ciwo, don ba abu ne da za ka ce a sake ba.

Kyamaran Canon 60D ce, hom-yus na saye ta shekara uku da suka wuce kuma gaskiya ta yi min aiki, da ita nake ci da ita nake biyan kudin daki. Batir LP-E6 guda biyu, daya da shi ta zo, dayan na saya a wajen Circle bara. Girif din ma a nan na saya, ba na kamfanin ba ne. Abin ya dan fara tun bayan damina amma jefi-jefi, sai in ga batir ya fado daga cike zuwa rabi lokaci daya in na shiga bidiyo, ban dauke shi komai ba.

Jiya na nuna ma wani ya ce bod, wato allon wutan da ke cikin kyamara, shi ne ya kone, wai in hakura in nemi wata. Jama'a ba ni da kudin wata kyamara yanzu, kuma ina da suna ranar Asabar da safe a Fadama, na riga na karbi rabin kudi. Shin da gaske bod ne? In bod ne ya kone ya za a yi ta rika tashi in na maida batir? Abin da na kasa ganewa ke nan.

Sharp_Boy_Sabonzongo

Chale batirinka ne ya mutu kawai, ni ma nawa haka ya yi min. Ka nade shi a leda ka sa a firiza ya kwana, da safe ka sa a caji, wani yaro a layinmu haka yake ma na wayarsa. In bai yi ba ka je ka sayi sabo. Amma maganan bod karya ne, yana so ne ka saida masa ita da arha.

Baaba_MaiGyara_Aboabo

Wa alaikumus salam dana. Ka kwantar da hankalinka tukun, kuma kar ka sa batir a firiza, zan dawo kan wannan. Ni daga Kumasi nake rubutu, na fara da gyaran rediyo da bidiyo mai kaset kafin wadannan kyamarorin su cika gari, kuma irin wannan kukan naka shi ne wanda aka fi kawo min shago. Tambayar da ka yi a karshe ita ce amsarka. Bod da ya kone ba ya tashi don an zare batir an maida.

Abin da nake so ka rike shi ne kyamara ba ta da ido a cikin batir. Ba ta ganin wutan da ke ciki. Abin da take ji shi ne karfin wutan da ya iso mata a bakin karfen nan da ke taba batir, sai kuma labarin da dan karamin cip na cikin batir yake ba ta. LP-E6 kwayoyi biyu ne a ciki an jera su, shi ya sa aka rubuta bolt 7.2 a jikinsa, in ya cika taf yana kai wajen 8.4. In kyamara ta ji karfin ya fadi kasa da inda aka sa mata iyaka sai ta ce batir ya kare ta kashe kanta, ko da kuwa batir na cike. Ba karya take yi ba, abin da ya iso mata ta fada.

Ka dauki tankin ruwa a saman gida, cike yake, amma bututu ya toshe da datti. In ka bude famfo kadan ruwa zai zo kamar ba komai, in ka bude shi duka sai ya koma digo, wanda ke tsaye da bokiti zai rantse tanki ba ruwa. Da safe a masallaci kana leka ido kana dauka ba filasha, famfo kadan ka bude. Da yamma ka daga filasha, shi kuma filasha lokacin da yake cika kansa yana jan wuta da yawa lokaci daya, haka bidiyo, haka in kana kallon hoto kai tsaye a babban sikirin. A nan ne toshewa ke nuna kanta. A lissafi, in datti ya kara rabin om a hanya, wato ma'aunin toshewa, kuma kyamara ta ja amfiya 2, wato ma'aunin yawan wutan da ake ja, bolt 1 cur ya bace kafin ya isa gare ta. Misali ne na ba ka amma haka abin yake tafiya. Da ka zare batir ka maida, karfe ya goge karfe, datti ya dan kauce, batir ma ya dan huta, sai ta tashi. Bayan hoto goma a koma gidan jiya.

To toshewar a ina take, wannan shi ne aikin. Wuri uku nake zargi kuma duk kafin bod. Bakin karfen da ke tsakani, ko batirin kansa ya tsufa daga ciki, don batir in ya tsufa shi ma yana zama kamar bututu mai datti, mita zai nuna maka 8 da wani abu in ba a dora masa kaya ba amma ana jan wuta sai ya durkusa. Ko kuma girif. Kuma gaskiya girif din nan shi na fara kallo, saboda duk wanda ya sa girif ya kara mahada biyu a hanyar wuta, daga batir zuwa girif, daga girif zuwa kyamara, kuma nan ne tafin hannunka yake wuni yana gumi.

Yau da dare ka kwance girif din gaba daya, ka maida murfin batir na asali, ina fatan ba ka yar da shi ba don yawanci akwai wurin ajiye shi a jikin girif. Ka sa batir daya kadai a cikin kyamara, ka daga filasha ka yi ta dauka a jere kamar talatin, ka shiga bidiyo minti biyar. Ka cire ka sa dayan ka yi haka. Kar ka canza abu biyu lokaci daya, in ka yi haka ba za ka san wanda ya yi laifi ba. Sannan ka shiga menu ka nemi inda aka rubuta Battery info, 60D tana da shi, zai nuna maka kashi nawa ya rage, hoto nawa ka dauka tun caji, da kuma wasu yan akwatuna uku a kasa. Uku kore batir lafiya, biyu ya fara gajiya, daya ja lokacin sabo ya yi. Ka zo ka fada min me ka gani.

Sai wanki. Ka kashe kyamara ka cire batir, ka haska tocilan waya cikin ramin ka duba karafan. Ku a Accra iskar teku ce ke cin karfe, mu nan laimar damina ce, in hunturu ya zo kuma kura. In ka ga baki-baki ko kore-kore ko fari kamar gishiri to ka samu barawon. Ka sayi sifirit a shagon magani, ka diga kadan a tsinken kunne mai auduga, kadan fa ba jikewa ba, ka goge a hankali. Bakin LP-E6 a cikin yan tsaga yake, auduga ba ta shiga, sai ka ninka takarda mai dan kauri ka taba ta da sifirit ka zura ka fitar sau da yawa. Ka bari ya bushe minti goma. Don Allah kar ka kankare da reza ko sanfefa, rufin da ke kan karfen siriri ne kwarai, in ka cire shi wata daya tsatsa ta dawo ta fi da. Kar ka sa kananzir, kar ka sa man inji, kar ka sa yawu. Na ga duk wadannan a kan teburina.

Wani abu kuma, ka duba dan sukurun nan da kake murzawa ya daure girif da kyamara, yana kwancewa da kansa in ana yawo da ita a kafada. Akwai dan makunni karami a bakin ramin batir wanda murfi ke dannawa, in girif ya yi sako-sako yana sakinsa. Amma shi wannan kyamara dif take mutuwa ba kiftawa, kai kuma ka ce ta kifta tukun, shi ya sa na fi karkata ga wuta.

Bod sai a karshe. In ka aro batir orijina mai lafiya wajen abokin aiki, ba girif, karafa a goge, kuma har yanzu tana yi, ko kana kashe ta da dare cike ka tashi ta shanye batir, ko jikinta na dumi alhali a kashe take, to sannan a bude ta.

Yar_Madina_Zongo

Baaba sannu da kokari Allah shi kara lafiya, na karu sosai. Yaaya mai hoto Allah shi kiyaye gaba, na san zafin abin nan.

Ni tawa karama ce ba irin taku ba, Nikon Coolpix mai cin batir AA guda biyu, da ita nake daukan dinkunan da na gama kafin masu shi su zo karba, don hoton wayata baya fitar da kalan leshi yadda yake. Na sha wahala irin wannan kusan wata biyu. In sayi batir sabo fil a kiyos din bakin layi, in sa, lens ya fito rabi sai ta rubuta batir ya kare ta koma. Na saya na saya har na ce kyamaran ce ta lalace na jefa ta a durowa. Sai kanin maigidana da ya zo hutu daga makaranta ya duba ya ce batiran da nake saya na tocila da rediyo ne, masu arhan nan marasa nauyi, ba su iya ba da wuta da karfi lokaci daya, injin da ke turo lens kadai ya fi karfinsu. Ya sa na sayi masu caji NiMH da cajansu.

To nan ma ba a gama ba, na caja su suka cika na sa sai ta nuna rabi tun ban dauki komai ba. Ashe a cikin menu akwai wurin da za ka gaya mata irin batirin da ka sa, alkalin ne ko mai caji ko litiyom, tawa tana kan alkalin. Yadda ya bayyana min shi ne alkalin sabo bolt 1.5 ne yana sauka a hankali har ya kare, mai caji kuma 1.2 ne amma yana tsayawa a wurin kusan har karshe, to in kyamara na zaton alkalin ne ta ga 1.2 sai ta dauka ya kusa mutuwa. Muna canzawa alamar ta cika. Yanzu shekara biyu ke nan da batiran nan guda hudu, biyu a ciki biyu a jaka.

Na kawo wannan ne saboda na ga girif irin naku wasu suna da tire na zuba AA guda shida, in za ka yi amfani da shi ranar suna a matsayin ko-ta-kwana don Allah kar ka zuba na tocila. Baaba ina da tambaya ni ma, sifirin din murfin batir dina, wato dan karfen nan mai lankwasa da ke danna batir, ya fara yin fari-fari, sifirit din zai yi masa?

Dan_Nima_Hoto

Baaba wallahi ban san da bakin da zan gode maka ba, Allah shi saka da alheri Allah shi ja kwana. Yaaya ta Madina na gode, tiren AA din yana nan ban taba amfani da shi ba.

Na yi yadda ka ce bayan isha'i. Murfin yana makale a jikin girif kamar yadda ka fada, ni ban ma san yana wurin ba sai da na duba. Batir na farko wanda kyamara ta zo da shi, Battery info ya nuna kashi 96 amma akwatin kasa daya ne kuma ja. Na daga filasha na dauki talatin bai mutu ba amma ya sauko 71, hoto talatin kacal. Na biyu wanda na saya bara, ina sa shi sai ta rubuta wai ba ta iya magana da batirin ba, in yi amfani da shi ko a'a, na danna eh, sai ta yi aiki amma ba kashi ba akwatuna ba komai. Gaskiya wannan rubutun ya dade yana fitowa wani lokaci, ni dai danna eh nake yi in wuce don na dauka haka suke. Da shi na dauki talatin da filasha da bidiyo minti biyar bai mutu ba.

To da na maida girif na zuba su biyun, hoto na bakwai da filasha ta fara kiftawa. Na haska cikin girif din, bangaren dama akwai karfe daya da ya yi kore har ya dan shige ciki bai kai tsawon yan uwansa ba. Sifirit sai gobe in shago ya bude. Yanzu tambayata wanne zan dogara da shi ranar Asabar, tsohon mai ja ko wanda ba ya magana?

Malam_Kanda

Assalamu alaikum. Ƙanina, Baaba ya gama magana a kan hanyar wuta, ni zan ɗan tsaya ne a kan batir na biyun nan, don na daɗe ina ɗaukar hotunan maulidi da saukar karatu a makarantarmu kuma na ga yadda wannan saƙon yake yaudarar mutane su riƙa danna eh suna wucewa.

Batirin da ba ya magana da kyamara ba lallai ne ya zama mara kyau ba, amma ka zama kamar mai tuƙa mota ba allurar mai. Cip ɗin da ke cikin orijina yana ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ke ba ka kashi. Wasu na kamfanonin gefe suna da cip da ya iya kwaikwayo, wasu ba su da shi, wasu kuma suna da shi amma in bakin ya yi datti magana ta yanke. Ka lura ka ce wani lokaci ne rubutun ke fitowa ba kullum ba. Wannan ya sa nake zaton naka yana da cip, ƙananan bakunan da ke ɗaukar magana ne suka yi datti, don ban da bakin wuta guda biyu akwai na saƙo. Ka goge shi da takarda yadda Baaba ya ce kafin ka yanke masa hukunci.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu da aka buga wa sunan kamfani. Orijina LP-E6 an rubuta 1800 mAh, wato yawan wutar da yake ɗauka, wanda ya biyo shi LP-E6N 1865, sai LP-E6NH 2130, kuma duk suna shiga rami ɗaya. In ka ga an rubuta maka dubu uku ko huɗu a batir mai wannan girman, ka ajiye masa kayansa. Ka riƙe shi a hannu ɗaya tsohon naka a ɗaya hannun, in ya fi sauƙi sosai ka yi shakka. Kuma ka tafi da kyamararka wurin saye ka sa shi a gaban mai shago ka buɗe Battery info, mai gaskiya ba zai hana ka ba.

Cajar ma tana magana in mutum ya kula. In ta kamfanin ce LC-E6, wutar ruwan lemo tana ƙiftawa sau ɗaya-ɗaya in bai kai rabi ba, sau biyu-biyu daga rabi, sau uku-uku daga kashi 75, sannan kore. Batirin da ya ƙare sarai yana ɗaukar wajen awa biyu da rabi. In ka sa wanda kyamara ta ce ya ƙare amma cikin minti ashirin ya koma kore, to ko dai da ma bai ƙare ba, wato hanya ce ta toshe, ko kuma cikinsa ya ƙanƙance ba ya ɗaukar komai. Kuma kada ka ɗora wa ƙarancin wutar gida laifi da sauri, cajar an yi ta ne ta karɓi daga bolt 100 zuwa 240. Abin da na gani lokacin dumso shi ne wuta ta ɗauke da tsakar dare mutum na barci, da safe ya zare batir yana zaton ya cika. Sai ka ga kore da idonka.

Tsohon naka mai ja kuwa ya yi iya yinsa. 60D ta fito tun 2010, in da shi aka sayar da ita a can kafin ta iso hannunka, ka lissafa shekarun. Zafi ne babban mai tsufar da irin wannan batir, barin jaka a cikin mota da rana ko a ɗakin kwano, musamman in yana cike taf. In za ka daɗe ba ka yi aiki ba ka bar shi wajen rabi a wuri mai sanyi, kuma kada ka bar shi fanko wata da watanni. Wani lokaci in kashin ya rikice, ka yi aiki da shi har kyamara ta mutu da kanta sannan ka caja shi ya cika ba katsewa, ƙirgen yana daidaita. Amma wannan ƙirge yake gyarawa, ba ya maida tsoho yaro.

Ranar Asabar shawarata ka bar girif a gida, ka ari orijina guda ɗaya mai kore uku wajen abokin aiki, naka biyu su zauna a aljihu.

Baaba_MaiGyara_Aboabo

Malam ya fadi gaskiya, ka bi shawararsa dana. Ka ga yanzu abu biyu ne suka hadu maka, karfen girif da ya ci tsatsa da batir da ya tsufa, kowanne shi kadai da ka lallaba, da suka hadu ne suka kada ka a gaban amarya.

Maganar firiza da na ce zan dawo, yarona na Sabon Zongo ba fada nake maka ba amma ka daina. Sanyi ba ya gyara batir, rage masa karfi ma yake yi har sai ya dumama, kuma in ka fito da shi cikin zafin nan namu raba ce ke kwanta masa ciki da waje, ga cip ga karafa, ka sa a caji da laima. Haka shanya shi a rana, wannan ya fi ma hadari. Duk batirin da ka ga ya kumbura, yana shiga rami da kyar ko ba ya fitowa da kansa in ka danna makulli, a daina caja shi ranar.

Diyata ta Madina, farin nan ruwan batir alkalin ne da ya taba zuba ya bushe. Sifirit kadai ba ya cin shi sosai. Ki taba auduga da binega ko ruwan lemon tsami dan kadan ki goge farin, sannan ki bi da sifirit ki bari ya bushe sarai, ki wanke hannu bayan nan kar ki taba ido. Kuma in za ki ajiye ta a durowa ki rika cire batiran.

Dan_Nima_Hoto

Jama'a alhamdulillahi na dawo daga Fadama, suna ya yi kyau kuma kyamara ba ta kifta ko sau daya ba. Na bar girif a gida yadda Malam ya ce, wani yayana a sana'a da ke Newtown ya ara min orijina nasa, na fara tun ana yanka rago har mata suka watse da azahar, hoto 640 da bidiyo kadan, na dawo da kashi 38. Na dauki kakan jaririn yana masa addu'a rike da shi, ina dauka ina tuna waccan amaryar.

Batir na biyu kuma Malam ka canka, bayan na zura takarda da sifirit kamar sau goma takardan ta fito baki, yanzu na sa shi sau shida rubutun bai fito ba kuma yana nuna kashi. Zan rika gwada shi a gida tukun kafin in yarda da shi a wajen aiki. Tsohon mai ja na rubuta masa alama da alkalamin maka don kar in rikita su, in kudin sunan nan ya cika zan sayi sabo in tafi da kyamara in gwada a wurin.

Saura girif. Na goge koren ya fita amma karfen nan har yanzu a shige yake, in na danna shi da tsinke ba ya dawowa da karfi kamar sauran. Baaba in dan jawo shi da filaya ko in bar shi?

Baaba_MaiGyara_Aboabo

Alhamdulillahi, Allah shi raya jariri. Kar ka ja shi da filaya dana, sifirin din bayansa ne tsatsa ta ci, in ka ja zai karye a ciki ko ya taba na kusa da shi. Sai an kwance girif din an canza sifirin, aikin minti ashirin ne ga wanda ya saba. Ka kai ma mai gyaran kyamara ba mai gyaran waya ba, ka ce ya duba wayoyin wuta biyun da suka taso daga wannan bangaren ma, in sun yi kore ya canza su tare. Kafin nan ka ci gaba da aiki ba girif.